Randar Da Ba A Wankewa

Innata ba ta taɓa shiri da abu mai santsi ba. In ta zura hannu cikin randa ta ji yatsanta ya zame ko kaɗan, to ranar babu mai hutu a gidan. Za a juye ruwan, a shiga dirza da toka da soso, a ɗauraye, sannan ta kifa randar kan hayaƙin ƙaiƙayi da saiwar jema har sai ƙamshi ya kama yumɓun. Duk ƙauyenmu, a kwarin Gulbin Kaba nesa kaɗan da Mayahi, an san ruwan gidanmu. Mata kan shigo da sunan gaisuwa, alhali moɗa suka zo nema. Ni ce babbar ɗiyarta, ni na fi kowa shan wannan dirzar, har yau in na ji ƙamshin jema sai kafaɗata ta tuna.

Karatu ya ɗauke ni daga gabanta, ya yi ta tura ni gaba har ya kai ni wani birni na bakin teku. Ranar da na fara ganin teku sai da na ɗanɗana, na tofar, na ce ashe duk yawan nan nasa ko koko ba a damawa da shi. A can aka sa ni wani ɗakin gwaji inda ake fama da ruwan teku da ya lalace. Kashin kifin da ake kiwo a bakin ruwa, da takin zamani da koguna ke kwasowa daga gonaki, duk suna narkewa su zama wani gishiri da ido ba ya gani, ana ce masa nitirat. In ya yi yawa sai gansakuka ta rufe ruwan, kifi ya shaƙe ya mutu. Tafasawa ba ta cire shi, tacewa da ƙyalle ba ta cire shi.

Abin da ke cire shi ya ba ni mamaki, kuma har yau bai daina ba ni ba. Akwai wasu ƙananan halittu a cikin baƙar laka, waɗanda in babu iska sai su koma shaƙar wannan gishirin, su mai da shi iskar da ba ta cutar da kowa, ta tashi ta tafi abinta. Abinci kawai suke so. A ɗakin nan kuwa abincin da muke ba su wutar lantarki ce, ƴar kaɗan, wadda ko a harshe da ƙyar za ka ji ta. Ana bi da ita ta waya zuwa wani baƙin abu dangin gawayi da ke cikin ruwan, su kuma su zo su lafe a jikinsa, su hayayyafa, har su yi masa wani yauƙi mai santsi. Wannan yauƙin shi ne duk dukiyar. Ranar da na fara tsoma tsinken takardar gwaji a ruwan da suka yi aiki a kai, na ga ta fito fara maimakon ja, sai na ji kamar in zuba ruwa ƙasa in sha don murna. Na tuna a ranar na yi dariya ni kaɗai, na ce da Inna za ta shigo nan da kafin azahar ta wanke musu aikin shekara.

Da na gama na dawo gida, aka ba ni aji a wani kwaleji a Tasawa, ina koyar da kimiyya. Teku ya zama labarin da nake ba ɗalibai in sun fara hamma. Ban taɓa zaton zai biyo ni har gindin gorubar gonar Babana ba.

A ƙasan gonar akwai rijiya, gajeriya ce, igiya gaba kaɗan ake sa wa guga. Kakana ne ya haƙa ta tare da wani makiyayi, kuma tun daga lokacin duk kaka in an gama yankan hatsi sai iyalan makiyayin su gangaro daga wajen Issawane da shanunsu, su kafa ruga a gonar. Shanu su ci kara, su bar mana taki, Baba ya ba su damman hatsi, su ba mu nono, kowa ya sha daga rijiya ɗaya har ruwan sama ya sauka su koma arewa. Ɗan wancan makiyayin shi ne muke kira Baffa, matarsa kuma Gwaggo. Baba da Baffa tare suka yi ƙuruciya a bakin rijiyar nan. Ba su cika magana ba in sun haɗu. Sai su zauna kan tabarma ɗaya suna kallon shanu, wani lokaci har la'asar, su tashi kowa ya gamsu an yi hira.

A kakar da nake ba da labari, jaririyar ƙanena ta kwanta. Ana ba ta ruwa da ɗan kunu saboda nonon uwar ya yi ƙaranci, sai leɓɓanta suka fara duhu, numfashi yana yi mata wuya. Aka kai ta asibiti a Mayahi, Allah ya sa aka ci ƙarfin abin. Bayan kwana biyu wani ma'aikacin lafiya ya zo kan moto, wato babur, ya gwada rijiyar, takardarsa ta fito ja wur. Ya yi bayani yadda ya kamata. Ya ce abin yana zuwa daga fitsari da kashin dabbobi, da shaddar gidaje, da takin zamanin masu lambu, kuma jarirai ya fi yi wa illa. Amma a cikin duk abin da ya lissafa, kunnen gari kalma ɗaya ya riƙe, shanu.

Wanda ya fi kowa ɗaga murya ƙanena ne, uban jaririyar, mutumin da Gwaggo ta yi ta ɗura wa kindirmo har ya yi kumatu. Ban ga laifinsa ba, ya ga ɗiyarsa tana neman iska. Ya ce Baffa ya kwashe shanunsa ya bar gonar, bana da baɗi da har abada. Maza da yawa suka bi bayansa, har da masu lambun da ke watsa takin zamani taku goma daga bakin rijiyar. Baba kuwa ya daina gama tuwonsa.

Da na zo ranar Asabar na ji, raina ya ɓaci, kuma a lokaci ɗaya wani abu yana ta tsalle a ƙirjina, don na san wannan gishirin, tsohon abokin faɗana ne. Na sa Baba ya kai ni zauren mai gari. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Ranka shi daɗe, ko yau anka kori shanun nan, rijiya ba ta warkewa bana, abin ya daɗe yana nitsewa cikin ƙasa. A matsar da garken can ƙarshen gona ya isa. Ruwan jarirai kuwa, a ba ni lokaci in gwada wani abu."

Ya dube ni ya dubi Baba. Ya ce, "Ɗiyata, mutane sun tsorata, magana ba ta kwantar da su. Mi za ki nuna musu su gani da ido?"

Na ce zan ɗebi ruwan rijiyar nan, in sa takardar likita ta fito fara.

Ya ce ya ba ni kasuwar Mayahi shida, wato mako shida. Kafin nan a riƙa ɗauko ruwan jarirai da amalanke daga ƙauyen da ke gaba da mu. In an ci kasuwa ta shida zai zo da likita da dattawa su gani. In takarda ta yi ja, ba shi da bakin hana mutane abin da suke so.

Na fito daga zauren ƙafafuna ba su taɓa ƙasa. Babu injin ko ɗaya irin na ɗakin gwajinmu a duk Mayahi da Tasawa, amma tun a hanya na fara ganin kayan aikina a ko'ina. Na sayi manyan randuna biyu da ƙananan tuluna wajen mai ginin tukwane, saboda yumɓun da ba a shafe ba yana barin wuta ta ratsa ba tare da ruwan ciki da na waje sun gauraye ba. Na je maƙera na zaɓi gawayin kirya, mai nauyi, wanda in ka buga biyu sai su yi ƙara. Na bi gida gida ina roƙon matattun baturan tocila, mata suna ba ni suna dariya, suna cewa boko ya ƙare a tsince-tsince. Na fasa su na zare baƙin sandan da ke tsakiya, na wanke tas. Na zo da ƙaramin fano, wato farantin da ke tara wutar hasken rana, daga Tasawa, da tsohon batirin moto, da wani ɗan abin rage ƙarfin wuta. Tulu ya shiga cikin randa, gawayi ya kewaye shi, waya ɗaya ta shiga gawayin, ɗaya ta shiga tulun.

Saura masu aikin. Na naɗe zane na shiga tabkin da shanu ke sha, na zura hannu har kafaɗa na kwaso baƙar lakar ƙasa, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Da na shigo gida da ita cikin bokiti, Inna tana tankaɗe. Ta bi ni da ido har na zuba lakar nan cikin sabuwar randa. Ta ce, "Wannan shi ne abin da kinka tahi bakin teku koyo?"

Na ce, "Inna, abu guda nika roƙonki. Kada ki wanke su. Ko kin ji santsi, ko kin ji wari, ki bar su."

Ta ce, "Na ji." Yadda ta faɗe shi ya kamata ya sa in ƙara zama in yi mata bayani, amma ina ta ɗokin wayoyina.

Makonnin nan na yi su ne rabi a Tasawa rabi a kan moto. Ina gama ajin Jumma'a sai tasha. Makon farko takarda ta fito ja, na biyu ma ja. Sai na gane abin da na manta: ruwan teku gishirinsa ke ɗaukar wuta ya kai ta ko'ina, ruwan rijiyarmu kuwa mai daɗi ne, rago ne wajen ɗaukar wuta. Na farfasa gawayin ƙanana, na cusa shi ya matse jikin tulun sosai. A mako na uku na zura yatsa na ji ɗan santsi a jikin gawayi. Na daka tsalle a tsakar gida har kaji suka watse.

In suna gonar, Gwaggo kan kawo nono gidanmu kowace safiya, shekara da shekaru, ta sauke ƙwarya su gaisa da Inna ta wuce. Ranar ta tarar da ni durƙushe ina shafa gawayi kamar mai lallashin jariri. Ta tsuguna ta leƙa. Ta ce, "Su wa ke ciki?"

Na faɗa mata yadda zan iya: wasu halittu ne ƙanana, ba a ganinsu, suna cinye cutar ruwan, ba su son iska, ba su son a dame su, kuma in sun kama wuri sai su yi ta yaɗuwa.

Ta gyaɗa kai ba tare da wani mamaki ba. Ta ce, "To ai nono ne. In kina son madarar yau ta kama, sai kin sa mata ɗan na jiya. Ki ba ni iri."

Na yi dariya. Gaskiya don kada in kunyata ta ne na yarda. Na ɗebar mata gawayi mai santsi cikin tafin hannu biyu, na bi ta rugar da wata ƙaramar randa ta gidanmu da tulun da ya rage, na haɗa mata da fanon da Baffa ke cajin waya da shi da ɗan batirinsa. Na nuna mata inda ake zuba ruwa. Na dawo gida, kuma in faɗi gaskiya, ban ƙara tunawa da randar nan ba. Hankalina yana kan manyan nawa biyu, na malama mai takardar shaida.

Mako na huɗu jan ya fara dusashewa. Na biyar, na zuba ruwan rijiya ranar Jumma'a da yamma, ranar Lahadi na tsoma takarda, na ƙirga a zuci, na ɗaga ta ga hasken rana. Fara ce, da ɗan alamar ja kamar an goge lalle. Ban ma nemi takalmi ba. Na ruga gona da takardar a hannu, ƙaya tana sukata ban ji ba, na iske Baba da Baffa kan tabarmarsu. Na miƙa musu ina haki. Baba ya juya ta gaba da baya, ya miƙa wa Baffa, shi ma ya juya ta. Baffa ya ce, "Wannan hwarin shi ne alherin?" Na ce shi ne. Ya ce, "Madalla." Ranar Baba ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Na tace ruwan, na tafasa shi saboda sauran ƙwayoyin cuta, na sha moɗa guda a gaban kowa. Inna ta kau da kai.

An sa ranar zuwan mai gari ta zama Asabar bayan kasuwa ta shida. Na iso ranar Jumma'a da la'asar, na sayo sababbin takardun gwaji, har da sabon kallabi na ɗaura. Tun daga ƙofar zaure na ji ƙamshin jema. Na tsaya da jaka a hannu ina roƙon Allah ya sa randar shanmu ce.

Randunana biyu suna kife a tsakar gida, jajaye, suna sheƙi. Gawayin an wanke shi ɗaya bayan ɗaya an shanya kan tabarma a rana, ya bushe ƙayau. An naɗe wayoyin da kyau an rataye a jikin rumbu. Inna ta fito daga madafa tana goge hannu, fuskarta cike da jin daɗi.

Ta ce, "Tun hantsi nika yi. Ki ga yadda sunka hito. Sai ki maida kayanki ki zuba ruwa."

Ban san lokacin da murya ta fita daga bakina ba. Na ce ta kashe su, ta kashe aikin mako shida, ta kori Baffa da hannunta. Na faɗi maganganun da ɗiya ba ta faɗa wa uwa, kuma har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Ta tsaya tana kallona, jin daɗin ya zube daga fuskarta.

Ta ce a hankali, "Gobe mai gari da likita za su leƙa randa a gidana. Kina so su ga yauƙi? A tahi ana cewa ɗiyata ta yi boko ta manta wanki? Don ke na yi."

Sai a lokacin na gane. Mako shida tana wucewa ta gaban randunan nan tana danne zuciyarta saboda ni, kuma ni ban taɓa zama na ce mata santsin nan shi ne maganin ba. Na ce mata kada ta wanke, ban ce mata don me ba. Gwaggo da ta tambaya na yi wa bayani, uwata kuwa umarni na ba ta. Baba yana zaune bakin ɗakinsa, ya sunkuyar da kai yana murza carbi.

Na ga bai kamata Baffa ya ji a bainar jama'a ba. Na kama hanyar gona ina share hawaye da sabon kallabin. A rugar na tarar ya riga ya fara duba igiyoyin jakuna, shi bai taɓa sa rai sosai ba. Na durƙusa na faɗa masa. Ya ce, "Ba komi, ɗiyata. Kin yi ƙoƙari. Ƙasar Allah da hwaɗi." Ya faɗe shi yana kallon rijiyar da ubansa ya haƙa.

Gwaggo tana gefe tana kaɗa nono. Ta ce, "Ba ki duba tawa?"

Na ce wace?

Ta harare ni, ta tashi ta shige bukka, na bi ta. Ga ƴar randar can ƙarƙashin gado, an naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, an rufe bakin da faifai, an ɗaure da ƙyalle, wayoyin sun bi ta cikin karan bukka sun fita wajen fanon. Ta ce ba ta barin kowa ya buɗe. In za ta ɗiba, rabi take ɗiba, da ludayi, a hankali, ta bar rabi. In za ta ƙara, ta jikin randa take zurara ruwan don kada ya girgiza su. Da rana in zafi ya yi yawa ta yayyafa wa buhun ruwa. Ni da nake buɗe nawa sau goma a wuni ina leƙe ina sa musu iska, sai na ji kunya ta biyu a rana ɗaya.

Na zura yatsa. Gawayin ya yi yauƙi mai kauri, irin wanda ban taɓa samu ba ko a ɗakin gwajin bakin teku. Na ciro takarda na tsoma. Na ƙirga. Na fito waje na ɗaga ta. Fara fat, babu ko alamar ja. Na sake tsoma wata, ita ma haka. Na rungume Gwaggo har ludayin ya faɗi, ina dariya ina kuka. Ta ce, "Sake ni, za ki zubar mini da nono."

Da safe mai gari ya iso ƙofar gidanmu da likita da dattawa da ƙanena. Baba ya fito ya ce musu abin yana gona. Haka suka jera, manyan riguna cikin kara, suka taka har rugar da suka zo kora. Gwaggo ta shimfiɗa musu tabarmi, ta fito da randarta da kanta ta ajiye a inuwa. Likita ya tsoma takardarsa a gugan da aka ja a gabansu, ta yi ja. Ya tsoma wata a randar Gwaggo, ta fito fara. Ya sake, ya ɗago ya dube ni, ya ce in sake masa bayanin tun daga farko, a hankali.

Ƙanena ya ce, "Wa ya san inda anka ɗebo ruwan? Wataƙila na amalanke ne."

Na buɗe baki, Gwaggo ta riga ni. Ta kira shi da sunan da take kiransa yana yaro, ta ce, "Ja guga da hannunka ka zuba. Jibi ka komo." Aka tsiyaye randar har kan gawayi, ƙanena ya ja ruwa, ta tsaya a kansa tana cewa ya zurara ta gefe, ba haka ake zuba musu ba. Mai gari ya rufe faifan, ya ɗaure bakin da igiyar kaba, ya yi wani ƙulli nasa da ya ce ko matarsa ba ta iya kwaikwaya.

Jibin ya kama Litinin, ina aji a Tasawa, ina rubutu a allo amma ban san me nake rubutawa ba. Wajen sha ɗaya wayata ta yi ƙara. Baba ne, mutumin da bai taɓa kirana da kansa ba. Na ɗauka a gaban ɗalibai. Ya ce, "Ta yi hwari." Ya kashe. Na jefar da alli sama, na ce wa ɗalibai su rufe littattafai, yau labarin teku za mu yi, kuma wannan karon babu wanda ya yi hamma.

Ba a ce rijiya ta warke ba, kuma ban bari kowa ya ce haka ba. Har yanzu takardarta ja take fitowa, sai dai a hankali. An matsar da garken can ƙarshen gona inda ƙasa ta gangara, an yi wa bakin rijiyar daɓen siminti, masu lambu suka ja baya da takinsu suna gunaguni. Ruwan jarirai kuwa aka ce daga randa za a riƙa ɗiba, a tace, a tafasa. Baffa ya maida igiyoyin jakunansa inda suke. Ƙanena bai ba da haƙuri da baki ba, amma shi ya kai buhun simintin a kan motonsa, kuma an ga ya tsaya ya sha nono.

Randa ɗaya ba ta isar jariran gari, dole a tayar da manyan nan biyu. Na iso ranar Jumma'a ina tunanin yadda zan fara magana da Inna, don tun ranar ba mu haɗa ido sosai ba. Na durƙusa a bakin madafa na ce ta yafe mini. Ta ce, "Tashi, tuwo na ƙonewa." Ban san ko an yafe ba ko ba a yafe ba.

Da hantsin Asabar na ga ta ɗaura gyale, ta yi gammo, ta ɗora ɗaya daga cikin randunan a ka. Ta ce in kwaso gawayin da igiyoyin wutata in biyo ta. Ban tambaya ba. Muka bi hanyar gona, tana gaba ina baya. Shekara talatin da wani abu Gwaggo ke zuwa gidanmu da ƙwarya, ban taɓa ganin Inna ta taka rugar ba, ba don wani abu ba, haka dai aka saba.

Gwaggo ta hango mu ta miƙe. Inna ta sauke randar, suka gaisa, lahiyar shanu, lahiyar gida, lahiyar jaririya. Sannan Inna ta gyara gyale ta ce, "Iri na zo biɗa."

Gwaggo ba ta yi dariya ba, kuma na gode mata a zuci. Ta shiga bukka ta kwance faifan, ta zura hannu ta ɗebo gawayi yana ɗigar yauƙi, baƙi, mai ɗan warin tabki. Na matso da ƙwarya don in karɓa, na san Inna. Sai Innar ta ture ƙwaryar, ta miƙa tafin hannunta biyu. Na ga yadda wuyanta ya motsa da santsin ya taɓa fatarta. Ta riƙe, ta sunkuya ta zuba shi cikin randarta a hankali, ta jikin gefe, yadda Gwaggo ta nuna.

Ta ce, "Ciki na bar muku. Amma bayan randa sai na wanke, ba mai hana ni."

Gwaggo ta ce bayan na Inna ne.

Na ɗora mata randar a ka muka juyo. Shanun Baffa suna can ƙarshen gona suna cin kara, shi da Baba suna kan tabarmarsu ba mai magana. Ina biye da Inna ina kallon hannunta na dama da ke reto a gefenta, baƙi da yauƙi har wuyan hannu. Har muka shiga gida ba ta goge shi a zane ba.